Sunan da Ladanin Tozai Bai Kira Ba

Malam Kassimu ya yi shekara arba'in da ɗaya yana kiran salla a wani ƙaramin masallaci da ke gabashin Tozai, cikin ƙasar Isa. Abincinsa daga gona yake fitowa: gero a tudu, dawa a gefen fadama, wake a tsakanin kunyoyi. Mutum ne dogo, siriri, mai ƙarancin magana in yana zaune, amma in ya hau dakalin kiran salla, matan ƙarshen gari sukan ce ba su da uzurin makara. Ban da kiran salla, shi ne mai sanarwar unguwa. In an yi haihuwa, liman ya raɗa suna, shi ke ɗaga murya ya faɗa wa jama'a. In an yi rasuwa, daga bakinsa ake jin wanda ya tafi da lokacin jana'iza. Da wuya a sami wanda aka haifa a unguwar cikin shekarun nan da sunansa bai fita daga bakin Malam Kassimu ba. Mutum ɗaya ne aka tabbatar bai taɓa kiran sunansa a unguwar ba, shi ne ɗansa na fari.

A ƙasarmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna a gaban mutane cewa ya san da shi. Kunya ce, kuma mutanen da suna auna nutsuwar magidanci da ita. Wasu sukan sassauta in yaro ya girma. Malam Kassimu bai sassauta ba. Ranar da aka raɗa wa yaron suna Hafizullahi, tun da sassafe ya ɗauki fartanya ya tafi gona, wani ya yi sanarwa a madadinsa. Da aka yaye yaron, sai Amiru, wan Malam Kassimu, wanda ke ɗinki a kasuwar Isa, ya ɗauke shi ya kai wa matarsa Binta. Daga ranar, in magana ta kama dole, Malam Kassimu yakan ce «na wajen Yaya», ya wuce.

Wanda ya ce wannan rashin ƙauna ne bai san al'adar ba. Waɗanda suka kafa ta ba su bar ta ba ƙofa ba: sun ajiye wa uba wani baki da zai yi magana a madadinsa. Ga Malam Kassimu, bakin nan Amiru ne. Yakan zo Tozai bayan sati biyu, ya zauna a zaure, ya dubi bango kamar da shi yake hira, ya ce wani yaro a gidansa ya sauke karatun allo, ko ya ci jarrabawa, ko an ɗauke shi makarantar horon hafsoshi. Malam Kassimu yakan sunkuyar da kai ya tambayi yadda damina ta yi a Isa. Amma maƙwabta sun lura cewa duk ranar da Amiru ya zo da irin wannan labari, kiran magariba yakan yi tsawo fiye da kullum.

Haka aka tafi har Hafizullahi ya zama hafsa a rundunar sama, matuƙin jirgi mai saukar ungulu. An daɗe ana horar da shi, gida da waje, kuma irinsa ba su da yawa, domin matuƙi ɗaya yakan ci shekaru kafin a amince masa ya ɗauki rayukan mutane ya tashi da su. A cikin waɗannan shekaru mahaifiyarsa Zainaba ta rasu. Bayan damina biyu Amiru ya bi ta. Aka yi zaman makoki aka watse, ba wanda ya tsaya ya lura cewa uba da ɗa sun rasa mai kai magana tsakaninsu.

Lokacin nan ne hare-haren 'yan bindiga suka yi tsanani a ƙauyukan Isa da Sabon Birni. Wanda aka raunata yakan cika a hanya kafin a kai shi asibiti. Rundunar ta ga ya kamata a san filayen da jirgi zai iya sauka ya ɗauki masu rauni, kuma ba wanda ya fi dacewa da dubawa sai ɗan ƙasar. Aka ba Hafizullahi kuɗin tafiya na kwana shida, aka umarce shi ya tafi cikin kayan gida, kada ya bari a san abin da ya kawo shi. Ya zo ana tsakiyar damina. Ya sauka a gidan ubansa, domin a ganinsa abin kunya ne mutum ya kama ɗakin haya a Isa alhali gidan da aka haife shi na nan kusa. Kullum da safe yakan hau kabu-kabu ya nufi Kamarawa, ko Unguwar Lalle, ko wani ƙauyen, ya auna fili da taku, ya duba itatuwa da taurin ƙasa, ya dawo da yamma.

A kwana shidan nan uba da ɗa ba su haɗa kwano ba, ba su yi hira ba. Da safe ɗan yakan durƙusa daga bakin zaure ya gaishe shi, uban ya amsa yana kallon wani wuri. Amma Hafizullahi ya tarar an share ɗakin baƙi, an shimfiɗa sabuwar tabarma, kuma kullum akwai ƙwaryar fura a rufe a bakin ƙofa. Ranar da zai tafi ya faɗa wa liman, a inda ubansa ke ji, cewa duk cikin filayen da ya gani kusa da Tozai ba wanda ya kai tudun da ke gefen gonar Malam Kassimu kyau: ƙasarsa da tauri, ba dogon itace, ga shi kusa da hanya. Da aka girbe gero, uban bai sake shuka komai a wurin ba.

Shekara ta kewayo, sai hukumar rundunar ta sa a binciki kuɗin tafiye-tafiyen hafsoshi, saboda an sami wasu da suka karɓi kuɗin tafiyar da ba su yi ba. Binciken daidai ne, ba mai hankalin da zai ce kada a yi shi. Da aka buɗe fayil ɗin Hafizullahi, ba rasit ko ɗaya. Ɗan kabu-kabu ba ya ba da takarda, gidan uba kuma ba otal ba ne. Akwai rahoton filayen da ya rubuta, amma masu bincike suka ce mutumin da ya tashi a ƙasar zai iya rubuta irinsa yana zaune a bariki. Aka dakatar da shi daga tashi da jirgi har a gama. Aka tambaye shi ko yana da shaida. Ya duba: Amiru ya rasu, liman ya yi hijira zuwa Sakkwato da iyalinsa, sauran mutane ba su san abin da ya kawo shi ba. Sai ya rubuta sunan ubansa. Ya so ya aika wa Binta ta shirya masa zuciyar tsohon, amma a watannin nan babu sabis na waya a yankin, wasiƙar da ya ba wani direba kuma ba ta isa ba.

Hafsan da aka turo sunansa Marwan. Bahaushe ne, amma a barikokin kudu ya tashi. Ya iya harshen, bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ya iso Tozai da hantsi da motoci biyu na rakiya, kuma an ba shi sa'a ɗaya tak, saboda hanya ba ta da aminci bayan azahar. Ya tarar da Malam Kassimu a ƙofar masallaci tare da dattawa biyar. Ya gaishe su da ladabi, ya tsuguna, ya fito da takarda.

«Baba, Hafizullahi Kassimu ɗanka ne?»

Dattawan suka kau da kai, domin sun san an yi tambayar da ba a yi. Malam Kassimu ya dubi ƙasa ya ce, «Haka mutane ke cewa.»

Marwan ya ɗaga kai ya dube shi, ya rubuta. Ya tambaya ko Hafizullahi ya zo gidan nan da daminar bara ya kwana shida. Tsohon ya ce yara suna shiga suna fita, shi ba ya bin sawunsu. Marwan ya sake tambaya, a hankali, ko ya gan shi da idonsa.

«Ɗana, ba ni da abin da za ni ce a kan wannan. Da Yaya Amiru shina da rai, shi ya kamata ka tambaya.»

Ba wanda ya gaya wa Malam Kassimu dalilin tambayar, kuma shi bai tambaya ba, domin neman labarin ɗan fari a gaban dattawa shi ma karya kunya ne. Ya ɗauka irin zagayen da hukuma kan yi ne kafin ta ƙara wa mutum girma. Ya sa aka kawo wa baƙi ruwa, ya raka su har bakin mota, ya yi musu addu'ar sauka lafiya. Marwan ya koma ya rubuta abin da ya ji, bai ƙara ba, bai rage ba: mahaifin hafsan bai tabbatar da zuwansa ba, bai ma tabbatar da cewa ɗansa ne ba.

A nan ya kamata a tsaya a yi hukunci da adalci. Marwan bai yi ƙarya ba. Malam Kassimu ma, in an bi kalmominsa ɗaya ɗaya, bai yi ƙarya ba. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa shaida amana ce, kuma wanda aka nema ya bayar ya ɓoye, ya ɗauki nauyi, ko da bakinsa bai furta ƙarya ba. Kunya ado ce da ake yi a inda ba ta cutar da kowa. In haƙƙin wani ya rataya a kan kalma ɗaya, kunya ta ƙare, wajibi ya fara. Uzurin tsohon shi ne bai san akwai haƙƙin da ya rataya ba. Raunin uzurin shi ne ya ga soja ya keto hanyar da mutane ke tsoro da motoci biyu, kuma bai tambayi kansa me ya sa ba.

Wata huɗu suka wuce kafin Binta ta sami cikakken labari, ranar da waya ta dawo. Washegari ta hau mota daga Isa, ta shiga gidan ba ta ko ajiye mayafi ba. Tsakaninta da ƙanin mijinta akwai wasa tun tana amarya, don haka ita kaɗai ke iya faɗa masa abin da ta ga dama.

«Sannu Ladan, mai muryar tashin gari. Akuyar maƙwabci in ta ɓace, launinta da tsagar kunnenta kake faɗi a lasifika. Kai anka tambaye ka ɗanka, ka ce haka mutane ke cewa. Waɗanne mutane? Ni na haife shi, ko bangon masallaci?»

Ya yi murmushi yana tsammanin wasan ne, ya ce matar Yaya ta zo da faɗa tun ba ta sha ruwa ba. Sai ta zauna ta warware masa komai: an hana yaron tashi, an karɓe masa ɗakin aikinsa, kullum yana zuwa ofis ya zauna a benci kamar mai jiran sadaka, kuma an karanta masa abin da ubansa ya faɗa a gaban manyansa. Ta ce abokan aikinsa ba ɓarawo suke ce masa ba, abin da suke faɗa ya fi wannan ciwo: wanda ubansa ya ƙi.

Ranar nan wani ne ya kira la'asar. Da yamma ɗaya daga cikin dattawan ya zo ya ba shi shawara ya ce wa hukuma tsoro ne ya hana shi magana, tunda kowa ya san akwai masu kai wa 'yan bindiga labarin wanda ke da ɗa soja. Hujja ce mai kyau, kuma za a karɓa. Malam Kassimu ya ƙi. Ya ce ba tsoro ba ne, kuma ba zai gyara shiru da ƙarya ba.

Ya sayar da dawa ya yi kuɗin mota ya tafi Sakkwato, garin da bai taka ba tun yana saurayi. Kwana uku yana zuwa ƙofar ofishin da aka kwatanta masa, masu gadi suna ce masa ya dawo gobe, yana zama a gindin dalbejiya da buta da carbi. A rana ta huɗu Marwan ya fito zai shiga mota ya gane shi. Ya kai shi ofis, ya kira magatakarda, ya ce Baba ya faɗi abin da ya kawo shi.

Tsohon ya miƙe tsaye, kamar yadda ya saba in zai yi sanarwa.

«Hafizullahi ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na fari. Ya zo gidana ranar Litinin da la'asar, ya tafi Lahadi bayan asuba.»

Daga nan ya ci gaba ba tare da an tambaye shi ba. Ya ce ranar Talata yaron bai sami magariba ba, ruwa ya tsare shi a Kamarawa. Laraba ya tsaya sahu na biyu, kusa da taga, da shuɗiyar riga. Alhamis ya makara raka'a ɗaya da asuba. Juma'a ya yi ta a Sabon Birni, ya dawo wandonsa da laka har gwiwa. Marwan ya ce, da mamaki, ai Baba ya ce ba ya bin sawun yara. Tsohon ya ce shi ne mai daidaita sahu bayan ya ta da iƙama, kuma wannan ne kawai lokacin da zai dubi fuskar yaron ba wanda zai ce ya dube shi. Ya ƙara da cewa ranar Asabar da isha'i ya dafa kafaɗarsa ya matsar da shi kaɗan, ko da yake sahun a daidai yake. Magatakarda ya tambaya ko a rubuta wannan. Marwan ya ce a rubuta.

Shaidar ta yi aiki. Aka nemo liman a cikin gari ya tabbatar, aka gwada ranakun da rahoton filayen suka dace, aka wanke Hafizullahi sarai. Amma takarda tana tafiya a hankali, kuma kafin ta isa ya yi wata goma sha ɗaya bai taɓa jirgi ba. Tun a wata na takwas ya miƙa takardar barin aiki, wani kamfanin jigilar kaya a ƙasar waje ya ɗauke shi. Manyansa suka kira shi suka roƙe shi ya janye. Suka ce ƙasa ta kashe shekaru a kansa, kuma ba su da matuƙin da ya san yankin kamar shi. Ya gode musu, ya ce bai ga laifin binciken ba, amma ba zai iya komawa ya zauna cikin mutanen da suka ji abin da aka karanta masa ba.

Kafin ya tafi ya zo sallama. Ya fara sauka a Isa. Binta ta ba shi labarin zuwan tsohon Sakkwato, da tsayuwarsa, da yadda ya faɗi sunan a gaban baƙi. Hafizullahi ya ce ya ga takardar, da dangwalen yatsa a ƙasa, amma ya san yadda magatakarda ke gyara magana.

«Inna, kin daɗe kina rufa masa asiri. Na san kunya ce, ban riƙe shi ba. Amma kada ki sa masa a baki abin da bai taɓa faɗi ba.»

Ta rantse masa, ya yi murmushi irin na wanda ba ya son ya ƙaryata babba.

A Tozai ya durƙusa a bakin zaure kamar yadda ya saba. Binta ta riga ta gargaɗi tsohon cewa yau ce ranar, in bai faɗa ba, ba wata. Malam Kassimu ya amsa gaisuwa. Ya buɗe baki, ya dubi ɗansa ido da ido, abin da bai taɓa yi ba sai a wurin daidaita sahu. Waɗanda ke wurin sun ce leɓɓansa sun motsa. Abin da ya fito shi ne tambayar ko hanya lafiya. Abin da ya iya a gaban baƙo, don wajibi, ya gagare shi a gaban mai sunan, domin shekara talatin da huɗu na shiru ba sa warwarewa a zama ɗaya. Hafizullahi ya ce lafiya lau, ya nemi gafara da addu'a, aka yi masa, ya tashi. Uban bai raka shi ba. Ya tsaya daga cikin zaure har ƙarar babur ta ɓace.

Malam Kassimu ya ƙara damina biyu a duniya. Muryarsa ta ragu, har aka ba wani kiran asuba. Ɗan yana aiko da saƙo ta hannun Binta, ita kuma takan zo ta zauna ta dubi bango ta faɗa, kamar yadda mijinta ke yi, amma ba ta iya yi ba tare da ta yi kuka ba. Tudun da ke gefen gonarsa kuwa bai bari an shuka ba. Duk farkon damina yakan je da gatari da fartanya ya sare ƙaya, ya cire duwatsu, ya cike ramukan da ruwa ya haƙa. 'Ya'yansa ƙanana sun yi ta ce masa gidan na bukatar hatsi, kuma ba jirgin da ya taɓa sauka a wurin. Yakan ce an ce filin na da kyau, a bar shi.

Ya rasu da hantsin wata Alhamis bayan zazzaɓin kwana biyar, aka rufe shi kafin la'asar. Sai bayan an dawo daga maƙabarta aka sami Hafizullahi a waya, yana wani filin jirgi mai nisa, ya iso ranar addu'ar bakwai. Binta ta kai shi tudun. Ya tsaya ya dubi ƙasar a share, ba ƙaya, ba dutse, ya taka ta daga gefe zuwa gefe yana ƙirga taku kamar yadda ya yi a wancan zuwan. Ya tambaye ta tun yaushe ake share wurin. Ta faɗa masa. Sai ya ce ta sake ba shi labarin ofishin Sakkwato daga farko, kada ta tsallake komai, kuma wannan karon bai katse ta ba.

Hutunsa kwana huɗu ne, ya koma bakin aikinsa. Da ruwa ya sauka, ƙannensa suka shuka gero a filin.